Dabinon da na tauna wa Zulai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗana Haruna, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda kun riga kun sauka Fatakwal lafiya, kai da Rakiya da abin da take ɗauke da shi. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya sa wa sabon aikinka albarka.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuka karya tare da safe. Sau uku na kira ka shago a makon nan da niyyar in faɗa maka da baki, duk ukun sai in ɓige da zancen riɗi da direbobin Agyaragu. Kai ma ka lura, don na ga kana kallona kamar wanda tsufa ya fara taɓa wa kai. Shi ya sa na rubuta, na ba mahaifiyarka ta tusa maka a jaka.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Talata da ka tashi daga zazzaɓi na ga ƙurajen nan sun sake fito maka a gefen leɓe, kana dariya kana cewa maleriya ce ke fita. A bakina ka koyi wannan magana, ni ma a bakin babana na ji ta. Matarka kuwa saura wata biyu ta sauka, a garin da ba ku da babba ko ɗaya. Ke nan kai ne za ka yi wa jariri huɗuba a kunne, kai ne kuma za ka tauna dabino ka shafa masa a baki. Ina tsoron bakinka a kan wannan jariri, Haruna, kuma ina da dalili.

Ba zan ɓoye maka ba, ni kaina ban gama fahimtar abin da zan rubuta ba. Shekara guda ke nan ina juya shi, wani gefen in gane, wani gefen kaina ya ɗaure. Ka karanta da haƙuri, zan bi shi yadda ya zo mini.

Ka tuna bara da kakar riɗi, lokacin da nake kasuwar Ashige yau, gobe ta Agyaragu, ba ci ba hutu. Jikina ya yi ta ciwo, ni kuwa girman kai ya hana ni in ce na tsufa. Sai na koma wa haɗin kemis, ƙwayoyin nan guda biyar da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna ba takarda. Ina sha sai in ji ni garau. Na yi wata uku ina sha, har kumatuna suka ciko, 'yan kasuwa suna ce mini Alhaji an samu hutu. Ni kuma ina jin daɗin maganar, wawan banza.

Wata safiya na ji haƙarƙarina na dama yana zafi kamar an goga mini barkono. Bayan kwana uku ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo har ƙirji, suka tsaya cak a tsakiya. Mahaifiyarka ta ce fitsarin gizo-gizo ne, ta fitar da katifa, ta share yanar gizo har ta bayan sif. Malam Bala mai agushi, maƙwabcina a kasuwa, ya ɗaga rigata ya duba, ya ce, "Alhaji, wannan abin ɗamara yake yi. Ranar da kai da wutsiya suka haɗu, sai dai mu yi maka addu'a." Daga nan na shiga auna shi da zare kullum in ga ko ya ƙara tsawo. Na shafa toka da manja, na shafa man goge baki, na shafa wani baƙin abu da ban san sunansa ba har yau. Kwana tara ina wannan shirme kafin ka matsa ka kai ni asibiti. Kai ka tsaya a waje wurin babur, don haka ba ka ji abin da aka faɗa mini ba.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ka ba a shekaru, Hausarta irin ta kasuwarmu, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta kalli tokar da ke jikina ta girgiza kai, sannan ta ce, "Baba, ka taɓa yin ƙarambau?"

Na ce na yi tun ina makarantar allo, ya warke tuntuni.

Ta ce, "Ƙuraje ne ya warke. Ciwon bai tafi ko'ina ba, ya shiga jijiya kusa da ƙashin baya ya kwanta. Shi ne yanzu ya tashi, ya bi wannan jijiya ɗaya ya fito. Shi ya sa ya tsaya a gefe guda. Ba zai zagaye ka ba, ka daina wahala da zare."

Na ce mata, 'yata, fiye da shekara hamsin fa. Wane irin ciwo ne zai kwanta a jikin mutum shekara hamsin bai ci bai sha ba? In kuma yana nan, me ya hana shi tashi tun tuni?

Ta ajiye biro ta yi mini bayani da kasuwa, don ta ga abin da zan gane ke nan. Ta ce jiki yana da masu gadi iri biyu. Akwai waɗanda sai sun taɓa ganin ɓarawo suke gane shi, su riƙe fuskarsa har abada. Akwai kuma waɗanda aka haifi mutum da su, su ba ruwansu da sanin sunan ɓarawo. Da sun ji motsin da ba na gida ba sai su busa usur, duk shagunan da ke kusa su ja ƙofa su rufe, ɓarawo ya rasa inda zai shiga. Cikinsu akwai masu zagaye suna leƙa shago-shago, wanda suka ga baƙo ya shiga ya ɓoye sai su rushe shi. Ta ce wannan ƙwayar cutar ba barci mai nauyi take yi ba, tana yawan ɗaga kai, su kuma suna danne ta tun kafin mutum ya ji komai, sannan masu riƙe fuska su zo su taya su tsaro.

Na tambaye ta me ya sa ba su kashe ta kowa ya huta ba. Ta ce ai a cikin jijiya take, jijiya kuwa ba shagon da ake rushewa a sake ginawa ba ne, don haka sai dai a kewaye ta a hana ta fita. To a nan ne kaina ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Wato duk shekarun da nake yawo ina cewa lafiyata ƙalau, faɗa ake yi a cikina ban sani ba? Na yi aure, na je Makka, na haifi 'ya'ya, abin nan yana kwance a bayana yana jira? Na ce mata ko kamar ƙwaron wake ne, da yake zuwa tun daga gona a cikin ƙwaya, sai ya ji ɗumin sito ya fito. Ta yi dariya ta ce ya yi kusa, amma ba haka ba ne sosai. Ban san inda na kuskure ba.

Da na nuna mata ledar haɗina, fuskarta ta canza. Ta ware wata ƙaramar farar ƙwaya ta ce, "Wannan shi ne ya sa masu gadinka barci. Shi ne ya kumbura maka fuska kuma. Ga gajiya, ga shekaru, ga rashin cin abinci, ka ƙara musu da wannan. Abi kana so su yi yaya?" Ta ce ma kada in yanke shi rana ɗaya, sai a hankali yadda za ta rubuta. Ta ƙara da cewa da na zo cikin kwana ukun farko, akwai maganin da zai rage abin sosai.

Ka san har yau in riga ta goge ni a wurin sai na cije baki. Don haka ka ji na farko: kada ka sha ƙwayar da ba ka san sunanta ba, komai ciwon jiki. Aikin hawa rufin mutane kuna kafa sola zai gajiyar da kai, abokan aiki za su nuna maka kemis ɗinsu, ka ce ka gode. Ka ci abinci, ka yi barci, in jiki ya ce a huta ka huta. In kuma ka ga abin da ba ka gane ba a fatarka, ka kai wa wanda ya karanta tun da wuri. Malam Bala mutumin kirki ne, amma agushi ya sani.

Da a nan maganar ta tsaya, da baki zan faɗa maka.

Ina shirin tashi sai na ce bari in yi mata tambayar wasa. Na ce ƙurajen da ke fito mini a leɓe in zazzaɓi zai fita fa, su ma ƙarambau ne? Ta ce a'a, amma gidansu ɗaya, ɗan'uwansa ne, shi kuma a jijiyar fuska yake kwanciya. Ta ce, "Maleriya ba ya fita ta baki, Baba. Masu gadi ne suka tafi faɗa da maleriya, wannan ya samu hanya." Tana rubuta magani, ba ta ma kallona, ta ci gaba, "In kana da jika sabon haihuwa, lokacin da abin ya fito kar ka sumbace shi, kar miyanka ya taɓa shi sam. Jariri masu gadinsa ba su yi ƙarfi ba tukuna. Abin da ke tsaya maka a leɓe, shi yana iya wuce masa har hanta da ƙwaƙwalwa."

Na karɓi takardar na fito, ka tambaye ni me aka ce, na ce maka an ce in huta.

Ka san kana da yaya da ta rasu tana jaririya, amma ba mu taɓa ba ku labarinta ba. Sunanta Zulai, ita ce ta fari. Mahaifiyarka ta tafi haihuwa gidansu a Adogi kamar yadda aka saba. Ranar da aka aiko mini, kwanana biyu da tashi daga zazzaɓi, leɓena ya yi ƙuraje jage-jage, har ina murna ciwo ya fita. Na sayi dabino mai kyau a ƙofar masallaci, na hau keke, ban tsaya ko'ina ba. Surukina ya ce shi zai tauna, na ce a'a Baba, a bar mini wannan. Ina ji da kaina, na yi karatu a wurin malamai, ina so dangin matata su ga ɗan gari ya san sunna. Aka miƙo mini ita a zani. Na tauna dabinon sosai, na lakato da yatsa na shafa mata a dasashi, ta tsotsa. Na yi mata tofi a goshi, na sumbace ta.

An yi suna lafiya. Kwana biyu bayan suna ta daina kama nono, jikinta ya yi zafi, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito mata a baki da kumatu. Daga nan sai fizge-fizge. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, ranar da muka ce a kai ta asibiti a gari ranar ta cika. Kwananta goma sha biyar a duniya.

Tsofaffin mata suka ce a gwada nonon uwa. Aka tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa, tururuwa ba ta fito ba. Shi ke nan aka yanke cewa nononta ne mai dafi. Haka mahaifiyarka ta yi ta shan saiwoyi masu ɗaci a duk haihuwar da ta biyo baya, ana hana ta ba ku nono kwanakin farko, ana ba ku ruwa tana kallo. Kakarka, uwata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa mantawa da zancen ba, in ta so faɗa, da shi take buɗewa. Ni kuma ban taɓa tsayawa na ce a bar matata haka ba. Gaskiya ma na yarda da su, har ina ganin na yi ƙoƙari da na haƙura na zauna da ita. Wannan ya fi komai ci mini rai yanzu.

Da na koma asibiti a duba ni, na ce wa likitar wani abokina ne abin ya faru da shi. Ta saurara har na gama, ta dube ni ta ce, "Baba, ba wanda zai iya ce wa abokinka shi ne ko ba shi ba ne. Ciwo da yawa yana kama jariri haka. Amma yana iya zama shi. Nono kam ba shi ba ne, wannan na tabbata."

Ka ga inda ta bar ni. Ba ta ce ni ne ba, ba ta ce ba ni ba ne. Ku biyar da kuka biyo baya duk na tauna muku dabino, ga ku nan da ranku. Ko leɓena lafiya yake a ranakun? Na kasa tunawa. Da na tambayi likitar, duk da sunan abokin nan, ta ce mai yiwuwa zuwa lokacin mahaifiyarka ta ɗauki abin daga wurina ba tare da ya nuna a jikinta ba, jikinta ya koyi fuskarsa, ta ba ku aron masu gadi tun kuna ciki, abin da Zulai ba ta samu ba. Wato ciwon da na sa wa mahaifiyarka shi ya kare ku? Na juya wannan har na gaji. Na san ajali na Allah ne, kwana goma sha biyar aka rubuta wa yarinyar, ban yi jayayya da wannan ba. Amma kowane ajali yana da sanadi, ni kuma ban san ko yatsana ne ba. Ƙurajen leɓenka ma, ina zaton a wurina ka samu.

Na je wurin limamin unguwa, don ina tsoron kada in hana ka abin lada. Ya ce shafa dabino abu ne mai kyau, amma ba farilla ba ne, kuma addini bai yarda a cutar da rai don neman lada ba. Ya ce in akwai tsoron ciwo a baki, a murje dabinon da hannu mai tsabta, ko a bari gaba ɗaya, ba laifi a kan kowa.

To ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, roƙo ne. Kada dabinon jaririn nan ya bi ta bakinka, ko akwai ƙuraje ko babu, don likitar ta ce wani lokaci abin yana cikin miyau tun bai fito a gani ba. Ka wanke hannu da sabulu, ka tambayi nas ɗin da ta karɓi haihuwa kafin ka sa masa komai a baki. In leɓenka ya fara ƙaiƙayin nan da ka sani, ka rufe bakinka da takunkumi, ka yi masa addu'a ba tofi, Allah yana ji. 'Yan barka za su zo, Hausawan can za su cika muku ɗaki, kowa yana so ya ɗauka ya sumbata. Ka kalli bakin kowa, ko limami ne, ka ce a yi haƙuri. Za su ce ɗan Lafiya ya zo da iyayi, ka bar su su ce. In kuma jariri ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko ka ga ƙurji ko guda ɗaya, ka ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, kada ka tsaya kiran kowa a waya, har ni. Likitar ta ce akwai allurar da ke ceto in an zo da wuri.

Saura abu ɗaya. Shekara guda na riƙe maganar nan ban faɗa wa mahaifiyarka ba, tsoro nake ji. Shekaranjiya bayan la'asar tana tsakar gida tana ɓarar agushin da za ku tafi da shi, na jawo kujera na zauna, na faɗa mata duka, ina kallon ƙasa. Na ce mata ba nononta ba ne, na roƙe ta gafara. Na zaci za ta yi kuka ko ta tashi ta bar mini wurin. Ba ta daina ɓara ba.

Can ta ce, "Na ga bakinka ranar, Alhaji. Ina kan gado ina kallonka kana taunawa. Raina bai so ba, ban san dalili ba, ƙyama ce kawai irin ta uwa. Na buɗe baki zan ce a ba Baba ya yi. Amma 'yar fari ce, ga gwaggonnina cike da ɗaki, ina ni ina magana a kanta? Ko kallonta ban isa in yi a gabansu ba."

Na ce to me ya sa da aka ɗora wa nononki ba ki ce komai ba?

Ta ce, "Na karɓa ne, don na san akwai abin da na gani na yi shiru."

Shekara talatin da ɗaya muna gida ɗaya, kowa da abin da ya ɗauka, ɗayan bai sani ba. Har yanzu ban san wanda ya kamata ya yafe wa wani ba a cikinmu. Mun dai yafe wa juna, muka ƙarasa ɓarar agushin tare.

Don haka, Haruna, wannan ma ɗan fari ne, Rakiya kuma yarinya ce mai kunya, ka fi ni sani. Ka zaunar da ita tun yanzu ka karanta mata takardar nan. Ka ce mata in ta ga abin da ranta bai so ba game da ɗanta, ta faɗa da ƙarfi a gaban kowa, ko a kanka ne, ko a kaina ranar da na zo. Kai kuma in ta faɗa, ka tsaya ka ji.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya abin da za a haifa, Ya tsare ku da tsarewarSa a gida da waje, Ya dawo mana da ku mu gan ku da idonmu. Ka gaishe ta ƙwarai.

A ƙasan jakar, cikin farar leda, akwai dabino. Mahaifiyarka ce ta saya da kanta, ta haɗa da sabon ƙaramin cokali da za a murje shi. Ta ce in gaya maka in mace aka samu tana da sunan da take so a sa. Na tambaye ta wane suna, ta kira shi a gabana, karo na farko tun ranar da muka dawo daga maƙabartar Adogi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isa mai riɗi, Lafiya